Ranar da Mai Dutse Ke Ƙirga Itatuwansa

Yakushima, 12 ga Yuni

Yaya Fusae,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da matata Tomoyo. Ya gwiwa, ya kuma kunnen nan naki? Da yana jin waya da na huta da neman biro, amma tunda duk abin da na faɗa sai ki ce mini "Iye?", gara in rubuta. Mu lafiya lau, sai ruwan sama. Kin san tsibirinku, kwana goma ke nan ban ga inuwata ba.

Aikin jagora ya kankama. Da safe in kwashi baƙi huɗu ko biyar a mota zuwa bakin daji, mu hau, su ga tsofaffin itatuwan sugi, su ci dunƙulen shinkafa a bakin rafi, in sauko da su kafin rana ta faɗi. Baba ya ƙare ƙarfinsa yana sare itatuwan nan, ɗansa kuma yana cin abinci da nuna su da yatsa. Jiya wata mata daga Tokyo ta rungume itace tana kuka. Na ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Ta ce wai yana yi mata magana. Na ce to ta tambayo mana shi ko ruwan nan zai ɗauke.

Na san abin da za ki fara tambaya, to ki kwantar da hankalinki. Shekaranjiya sha shida ga wata na biyar a tsohon lissafi, ranar da Mai Dutse, abin bautar da ke mulkin dajin nan, ke ƙirga itatuwansa, ban taka daji ba. Na mayar da baƙi uku, suna ta ƙunƙuni. Wani ya ce me zai faru in an shiga? Na ba shi amsar Kaka: wanda ya shiga ranar, da shi za a haɗa a ƙirga. Ya yi dariya, ni ma na taya shi. Amma dai a gida na yini, ni da Baba Genzo abokin aikin Baba, muna gasa kifi. Ya tsufa ƙwarai, yana gaishe ki, ya ce shekara ashirin da ɗaya ba ki leƙo mu ba, ko Osaka ɗin aure ta yi da ke?

Ƙanenki,
Mitsugu

Osaka, 1 ga Yuli

Mitsugu,

Na samu takardarka, na ji daɗi da kuna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka sani. Kunne kuwa yana jin abin da ya ga dama, kuma ya ji rashin kunyarka tun daga nan.

Ka ce wa Baba Genzo ba Osaka ce ta aure ni ba, tukunya ce. Tsofaffi sittin nake dafa wa abinci sau uku a rana a gidan kula da tsofaffin nan, wannan ba ya cin gishiri, wancan ba shi da haƙori, waccan ta rantse ina zuba mata guba. In na tafi wa zai san duk wannan? Yarinyar da suka ba ni ta taya ni ko ruwan zafi ƙonawa take yi.

Busasshen kifin da Tomoyo ta aiko ya iso, amma ta rage gishiri, kada ka gaya mata na ce. Rigar ruwanka fa? Har yanzu waccan mai yagaggen hammata kake sawa? Na san ka, sai mura ta kwantar da kai za ka canja. Kuma ka daina yi wa baƙi ba'a, wata rana za ka gamu da wanda bai san wasa ba. Kabarin Baba da Inna ka cire ciyawa? Bara ma sai da na yi ta magana. Rufin ɗakin baya da ka ce yana yoyo tun sanyi, na tabbata kwano ka tara masa ka ce ka gyara. Shekara talatin da takwas, amma in ban faɗa ba ba a yi ba. Ni na goya ka, na san halinka tun kana tsotson yatsa.

Af, na kusa mantawa da abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai wata tsohuwa a nan mai rataye kalandar tsohon lissafi a kan gadonta, a can na gani: bana wata na biyar tagwaye ne, sau biyu zai zo. Kalandar da shago ke raba muku ranar farko kawai take sa wa ja, amma a ƙauyenmu su Baba duka biyun suke ajiye gatari. Kaka cewa take yi, in wata ya maimaita kansa, Mai Dutse ma maimaita ƙirga yake yi. Ta biyun za ta faɗo tara ga Yuli. Ahir ɗinka da daji ranar. In kuma tsautsayi ya sa ka tsinci kanka a ciki, ka tuna dokar masu saran itace: kada ka tsaya. Abin da ya tsaya cak shi ake ƙirgawa. Ka yi ta tafiya har ka fito.

Yayarka,
Fusae

Yakushima, 11 ga Yuli

Yaya,

Muna lafiya, kada gabanki ya faɗi. Zan ba ki labari, amma ki zauna tukuna.

Guguwa ta hana jirgin ruwa zuwa kwana biyar, takardarki ba ta iso ba sai takwas ga wata da yamma. Ina wankin mota, Tomoyo ta jefa ta cikin jakata tare da abincin gobe. Washegari na ɗauki malaman makaranta huɗu. Da muka wuce ƙofar Baba Genzo ya miƙe yana ɗaga mini sanda, na ɗauka gaisuwa ce, na danna masa ham.

Tun daga bakin daji na ga abin ba daidai ba. Babu barewa ko ɗaya, bayan kullum sai na kore su daga hanya. Birai babu. Malaman ba su lura ba, su dai hoto. Da rana ta take muka sauka bakin rafi cin abinci, kuma kin san malamai, ba sa zama wuri ɗaya, wannan ya tsallaka dutse, wancan ya bi malam-buɗe-littafi. Surutunsu ya ishe ni, sai na haura wani ɗan kwari sama da hanya, inda wasu sugi ke tsaye a kewaye, don in karanta takardarki cikin natsuwa. Ƙasa a jiƙe take, ban zauna ba. A tsaye na karanta.

Shafi huɗu, Yaya! Na wuce tukunya, na wuce gishiri, na wuce rigar ruwa. Ina kan rufin ɗaki na lura ba na jin ƙarar rafin, ga shi kuwa ƙasa da ni kaɗan. Sai na ji ƙwas, daga can ƙarshen kwarin, kamar an ƙwanƙwasa itace da gaɓar yatsa. Aka ɗan jima, ƙwas, a na kusa da shi. Ɗaya bayan ɗaya, ba sauri, yana matsowa. Na ce tsuntsu ne, na juya shafi. Ina karanta "tara ga Yuli" na ji abin a bayana, tsakanin kafaɗuna, sau ɗaya. Ba zafi. Daga nan ƙwas, a itacen da ke gaba da ni, ya ci gaba da tafiyarsa. Bayan ya wuce ne idona ya kai kan "kada ka tsaya".

Na sauko da malamai da gudu-gudu, ɗaya har da cewa zai kai ƙarata. Duk sun koma gidajensu lafiya. Tomoyo ta duba bayana, ba komai. Ɗigon ruwa ne daga reshe, na gaya wa kaina, kuma ina ganin haka ne. Amma nan gaba, don girman Kaka, abin da ya fi muhimmanci ki sa shi a layin farko.

Mitsugu

Osaka, 19 ga Yuli

Mitsugu,

Na karanta takardarka a tsaye a madafa, miya ta ƙone. Kai dai kunnen ƙashi gare ka, wa ya ce ka kai takarda daji? Amma tunda ka sauko da ƙafarka, kana ci kana sha har kana yi mini tsiya, to ƙalau kake. Ɗigon ruwa ne. Ka ɗebi yashin bakin teku a gorar kara, ka haɗa da giyar dankali, ka kai wurin bauta na bakin daji ka ba da haƙuri, yadda Baba ke yi. Shi ke nan, a bar maganar.

Fusae

Yakushima, 2 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Na kai yashin. Lafiyata ƙalau, babu inda ke mini ciwo, abin da ke damun Tomoyo ke nan.

Abinci ne ba na sha'awa. Ruwa dai, shi nake sha, da yawa. Takalmi yana takura mini, in na dawo sai in cire in tsaya a bayan gida kan ƙasa. Da na tsani ruwan sama, kin sani. Yanzu in ya sauko a kaina sai in ji kamar na ƙoshi.

Ranar Talata ina gaba, baƙi uku na biye da ni. Na tsaya a wata kwana in nuna musu gansakuka. Sai na ji mace tana girgiza ni tana cewa, "Malam jagora! Malam jagora!" Na ce mene ne? Ta ce minti arba'in ke nan ina tsaye ido buɗe. Daga baya mijinta ya nuna mini hoton da ya ɗauka, bayan an wanke shi: ga ni, ga ɗan tsuntsu a kafaɗata, ga barewa tana soshe wuyanta a ƙafata. Ni a wurina numfashi ɗaya na ja.

Na ajiye biro in sha ruwa, na dawo. Tomoyo ta ce yau tara ga Satumba. Na ce ƙarya take yi, ta nuna mini jarida. Takardar nan sati biyar tana kan tebur, ni kuwa zan rantse ɗazu na fara ta. Ta ce a tsakani ta kai ni asibiti, likita bai ga komai ba sai bugun zuciya da ya yi jinkiri. Ta ce na daina ɗaukar baƙi tun tsakiyar Agusta. Na yarda da ita, ba ta ƙarya.

Baba Genzo ya zo. Bai zauna ba, ya daɗe yana kallon ƙafafuna. Ya ce, "Ɗan nan, an sa ka a lissafi." Na ce to a cire ni mana. Ya ce hanya ɗaya ya sani, a zamaninsu an yi wa wani, ya kuma warke. Kafin ƙirga ta gaba, sha shida ga wata na tara, wato huɗu ga Nuwamba, sai wanda ya ga haihuwata ya je kwarin tare da ni, ya dafa ni, ya faɗa da ƙarfi cewa wannan mutum ne, mace ce ta haife shi, ga sunan uwarsa. Tomoyo ta ce ita za ta je. Ya ce shaidarta ba ta ci, da girmana ta same ni. Shi ma yana daji ranar da aka haife ni. Inna ta tafi, Baba ya tafi, ungozoma ta tafi. Saura ke, wadda ta riƙe fitila tana 'yar shekara tara.

Ki zo, Yaya. Ba na jin tsoro, kuma rashin tsoron ne ya sa nake roƙonki. Kwarin nan yana da daɗi. Kullum ina tuna shi.

Mitsugu

Osaka, 20 ga Satumba

Mitsugu,

Ina fata ka samu sauƙi. Na karanta sau biyu, kuma sai da na yi dariya, don na gano ku. Kai da Baba Genzo kun zauna kan giya kun ƙulla yadda za ku jawo ni gida, ko ba haka ba? Tsuntsu a kafaɗa! Shekarun baya cewa ka yi rufi zai faɗo wa Inna, na aiko, ashe tayal biyu ne suka zame. Kana ɗan shekara shida ka kwanta a bakin teku ka yi kamar ka mutu don in ba ka lemona. Wanda ya ce itace ya tambayo masa ruwan sama, shi ne yau zai zama itace? Haba Mitsugu, raina wa wani hankali.

In da gaske ba ka cin abinci, gajiya ce, ka yi wata uku kana hawa dutse kullum cikin ruwa. Ka shiga jirgi ka je babban asibiti a Kagoshima a duba ka da kyau. Ka sa takalmi, sanyi ya kusa. Nan mutum biyu sun bar aiki, ba ni da hutu sai sabuwar shekara. Lokacin zan zo, na yi alkawari, in ka ga dama in hau dutsen in gaya wa kowane itace sunan Inna.

Fusae

Yakushima, 24 ga Oktoba

Yaya Fusae,

Ni ce Tomoyo. Ki gafarce ni, ban iya tsara takarda ba. Na buga waya wurin aikinki sau uku, sau ɗaya aka ba ki, kika ce ba kya ji, in rubuto.

Ba wasa yake yi ba. Na karanta masa takardarki, ya yi murmushi, murmushin bai gama sauka daga fuskarsa ba sai da na gama wanke-wanke. Mun je Kagoshima, ba su ga komai ba. Ba ya kwanciya yanzu. A bayan gida yake yini, fuskarsa wajen dutse. In na yi masa magana da safe, sai azahar amsar ke zuwa. Jiya na ce, "Maigida, ka san ni?" Can da yamma ina kwashe shanya na ji ya ce, "Tomoyo mana." Fatar hannunsa ta yi kaushi. Da na zo janye shi ya shiga ɗaki, sai da na sa ƙarfi kafin ƙafarsa ta rabu da ƙasa.

Saura kwana goma sha ɗaya. Ko ba ki yarda ba ki zo ki faɗi kalmomin nan, ba za su rage ki da komai ba. Ba ni da kowa sai shi.

Tomoyo

Yakushima, 14 ga Nuwamba

Mitsugu, ƙanena,

Wannan karon abin da ya fi muhimmanci zan sa a layin farko: ka yafe mini.

Ban san ko kana lafiya ba, ban san ma yadda ake tambayarka ba. Ni a gidanku na sauka, a ɗakin baya. Ka gyara rufin ashe.

Takardar Tomoyo ta same ni ashirin da bakwai ga Oktoba. Da na tashi a ranar, da na iso da sauran mako guda. Sai na ce bari in ƙarasa satin, in koya wa yarinyar nan abincin kowa. Na lissafa zan iso uku ga wata, ya ishe mu. Teku ta yi tsauri, jirgin bai tashi ba sai washegari. Na sauka huɗu ga wata da hantsi, na tarar da Tomoyo a bakin jirgi ba mayafi. Ta ce ta shiga ɗora ruwan shayi da safe, ta fito ba ka nan. Kai da ke yini ba ka ɗaga ƙafa ba.

Ta kai ni bakin daji a motarka. Ba wanda ya yarda ya shiga, ranar ƙirga ce. Baba Genzo ya ce, "Rana ba ta take ba tukuna. In kika bi jan ƙyallen da ke jikin itatuwa, ba ki tsaya ba, wataƙila ki riga." Tomoyo ta sa kai, ya riƙe ta, ya ce zuwanta ba zai yi amfani ba. Duk suka juyo suna kallona.

Ba wanda na gaya wa wannan, kai zan gaya wa. Na shiga. Na yi taku kamar ɗari biyu. Babu tsuntsu, babu iska, ko ƙarar takalmina ba na ji sosai. Sai na ji ƙwas, can sama. Aka jima, ƙwas. Mitsugu, gwiwata ba ta yi komai ba, ƙarya na yi musu da na ce ita ta dawo da ni. Tsoro ne. Na juya na fito a guje, ni da na ce raina mini hankali kake yi.

Washegari mutanen ƙauye da 'yan sanda suka hau. Kwana tara ana nema, har da karnuka da jirgin sama. Ba riga, ba sawu. Jiya suka ce sun haƙura.

Yau na sa Baba Genzo ya kawo ni kwarin. Awa huɗu muka yi, shi da sanda, ni da gwiwa. Ya ce ya san wurin nan tun yana saurayi, su suka bar itatuwan don sun yi ƙanana a lokacin, ya san adadinsu kamar yatsunsa. Na ce to ya ƙirga. Ya bi su da sanda, bakinsa na motsi. Ya kai ƙarshe, ya sake farawa. Na ce, "Baba, nawa ne?" Ya cire hula. Na ce, "Nawa kuka bari?" Ya ce, "Fusae, hazo na tahowa, mu sauka." Ya koma bakin rafi ya zauna ya ba ni baya.

Ni na ƙirga, goma sha biyu ne. Na duba kowanne. Duk gansakuka ta rufe su, duk tsayinsu ya wuce inda idona ke kaiwa, babu wanda ya yi kama da sabo. Na ce ai zan gane ka. Ni na fara ganin fuskarka kafin Inna ta gani, ni na yi maka wanka, ko cikin yara ɗari a bakin teku daga ƙeya nake gane ka. Na zagaya sau uku ban gane ka ba.

Don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na dafa na farko na ce, "Wannan mutum ne. Mace ce ta haife shi, sunanta Shizu. Ina wurin, ni na riƙe fitila." Na je na biyu na faɗa. Har na goma sha biyu, da iyakar muryata, har ta dishe. In goma sha ɗaya sun ji ƙarya, su yi haƙuri. Na jira. Ruwa ya fara sauka, ba abin da ya motsa.

A kan dutse nake rubuta wannan, tawada na gudu. Zan karanta ta da ƙarfi a tsakiya inda kowanne zai ji, in sa ta a ƙarƙashin dutsen. Na rubuta wa Osaka su nemi wata mai dafuwa. Tomoyo ta ce amsarka kan yi yini kafin ta zo, kuma kullum tana ƙara nisa. To ni ba inda za ni. Gobe zan dawo, da jibi. Ka ɗauki lokacinka, auta, in ka gama jin abin da na faɗa, ka amsa.

Yayarka,
Fusae